Darasi na Bakwai: Ƙaramar Kalma a Farkon Bisharar Yohanna

Karatu: Yohanna 1:1-18 da 20:24-29.

Da harshen Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari. A cikin harshen nan akwai wata ƙaramar kalma da akan sa gaban suna: "ho" ga namiji, "he" ga mace, "to" ga abin da ba namiji ba ne, ba kuwa mace ba. Aikinta ya yi kusa da na -n da -r a Hausa. In muka ce "riga", kowace riga ke nan. In muka ce "rigar", wadda muka riga muka sani ce.

A aya ta fari Yohanna ya rubuta "theos", wato Allah, sau biyu. Inda yake faɗin wanda Kalman yake tare da shi, ya sa ƙaramar kalmar. Inda yake faɗin ko mene ne Kalman, bai sa ba. A kan wannan ne Shaidun Jehovah, cikin fassararsu ta Turanci ta 1950, suka mai da Kalman "wani allah". Masu wannan koyarwa sukan zaga gida gida, saboda haka ya wajaba mu da ke taruwa a Karu, da Kubwa, da Gwagwalada, da sauran ikilisiyoyin Abuja mu san amsa.

Da fari, rashin "ho" ba ya tilasta mu ce "wani". A aya ta 6, da ta 12, da ta 13, da farkon ta 18, Yohanna ya rubuta "theos" haka nan ba "ho", kowa kuwa ya yarda Allah Makaɗaici ake nufi.

Na biyu, in sunaye biyu suka haɗu cikin jimla ɗaya, mai ɗauke da "ho" shi ne yawanci wanda ake magana a kansa, ɗayan kuwa bayaninsa ne. A nan "logos", wato Kalman, shi ke da "ho". Masani E. C. Colwell ya nuna a 1933 cewa sunan bayani, in ya riga aikatau, yakan bar ƙaramar kalmar ko da sananne ne.

Na uku, sa'ad da Toma ya ga Ubangiji bayan tashinsa, ya kira shi Allah, a nan kuwa Yohanna ya sa "ho". Yesu bai tsauta masa ba.

Don me fa Yohanna ya bar ta a aya ta fari? Gama da ya sa, da an ɗauka Uba da Ɗa mutum guda ne, kuskuren Sabiliyas na ƙarni na 3 ke nan. Da barinta ya bambanta Ɗa da Uba, duk da haka ya shaida allahntakarsu ɗaya ce. Haka taron Nikiya ya tabbatar a shekara ta 325, haka kuma Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka fassara cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932.

Batun nan ya shafi cetonmu. In Kristi halitta ne, sujadarmu gare shi bautar gumaka ce, jininsa kuma ba ya isa fansar duniya. Amma tun da shi Allah ne, wanda ya mutu dominmu ya isa ya cece mu har abada.

Tambayoyi: Wace amsa za mu ba mai cewa Yesu ƙaramin allah ne? Ina bambancin kuskuren Sabiliyas da wannan?

Addu'a: Ya Uba, ka kafa mu cikin gaskiya, ka ba mu tawali'u sa'ad da muke amsa wa maƙwabtanmu, cikin sunan Yesu. Amin.