Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya

Akwai yunwar da tuwo ba ya kashewa. Uwargida ta wuni da ɓacin rai, ko magidanci ya dawo gida da nauyin bashi a kansa, sai hannu ya yi ta kaiwa baki alhali ciki bai nema ba. Bayan an suɗe kwano kunya takan biyo baya, kunyar kuma ta sāke kora mutum wurin tukunya. Shin wannan haɗama ce da ta cancanci tsautawa, ko kuwa ciwo ne mai neman magani?

Magabatan Ikilisiya ba su ɗauki zancen da wasa ba. Evagrius, wanda ya yi zaman kaɗaici a hamadar Masar a ƙarni na 4, ya sa zarin ci a farkon mugayen tunani 8 da ke yaƙar mai bi. Abin lura, tunani ya kira shi. A ganinsa yaƙin yakan fara tun loma ba ta kai baki ba.

Likitocin zamani sun iso kusa da nan ta wata hanya dabam. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya kafa wani horo na mako 8 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, inda ake koya wa marasa lafiya su natsu, su lura da abin da ke gudana a jikinsu da zuciyarsu ba tare da saurin yanke wa kansu hukunci ba. Wani darasinsa sai ka ce wasan yara: a miƙa wa mutum ƙwayar busasshen inabi guda, ya dube ta, ya sansana, ya tauna a hankali. Daga baya masaniyar halayyar ɗan Adam Jean Kristeller ta karkatar da horon ga masu ci ba kan gado, domin su koyi dakatawa su tambayi kansu ko ciki ne ke kira ko damuwa. Bincike ya nuna cin ɓacin rai yana raguwa. Ƙiba kuwa kaɗan take sauka, wani lokaci ma ba ta motsawa. Mai tallata shi a matsayin maganin ramewa ya ƙara gishiri.

Kabat-Zinn bai ɓoye cewa ya ɗebo daga koyarwar Buddha ba, saboda haka ɗari-ɗarin da waɗansu masu bi ke yi yana da dalili. Amma dakatawa kafin ci ba gādon kowa ba ne. Ita ce Isuwa ya rasa ranar da ya dawo daga jeji a gajiye, ya sayar wa Yakubu da matsayinsa na ɗan fari a bakin kwanon fate.

Sai dai horon yana da iyaka. Yakan nuna wa gwauruwa cewa kaɗaici ne ke damunta, amma ba ya zama ya yi hira da ita. Wannan aikin dangi ne da 'yan'uwa. Gorin da ake yi wa yaro mai jiki a gaban baƙi kuwa ɓoyewa kawai yake koya masa, ya riƙa ci a bayan ɗaki. Sa'ad da annabi Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ba shi gurasa da ruwa. Sai da ya kai Dutsen Horeb bayan kwana 40 aka tambaye shi abin da ya kawo shi.