Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse

Wanda ya fara faɗin wannan magana ya san darajar goro, domin a zamaninsa goro ba abin tsinta ba ne a bakin hanya. Ƙasar Hausa ba ta noma shi. Fatake ne suke ɗora kaya bisa jakuna, su yi watanni a hanyar Gwanja, su sayo shi a kasuwar Salaga da ke cikin Ghana ta yau, su naɗe shi da ganye, suna yayyafa masa ruwa suna tsince wanda ya lalace har su iso da shi kasuwar Kurmi a Kano. Saboda haka idan mutum ya ɓara goro ya miƙa maka ɓari guda, ya ba ka abin da aka sha wuya kafin a same shi, abin da kuma za ka jefa a baki ka ji daɗinsa nan take. Shi kuwa dutse, komai girmansa, ɗaukarsa kawai za ka yi ya gajiyar da kai.

Ma'anar a fili take: kyauta ana auna ta da amfaninta da kuma zuciyar da ta fito da ita. Babu lokacin da wannan magana ta fi dacewa da mu kamar lokacin Sallah.

Ku duba yadda iyayenmu mata suke shirya abin rabo. Tun ana sauran kwanaki a ga watan Shawwal gida yake ɗaukar ƙamshi. A kwaɓa alkama a bar ta ta kwana ta tashi, a murza alkaki ɗaya bayan ɗaya, a soya, a tsoma a zuma ko ruwan sukari. A daka shinkafa a yi nakiya da man shanu da citta da kanumfari da masoro, wadda za ta daɗe a ajiye ba ta lalace ba. A yanka cincin, a lanƙwasa dubulan. In Babbar Sallah ce, sai a dafa naman layya, a kirɓa shi a turmi, a soya har ya bushe ya zama dambun nama, a ƙulle wa ɗan'uwan da ke karatu a wani gari. Mai yin wannan aiki tana yi ne da mutane a ranta. Ta san Gwaggo ba ta da haƙora, sai ta ware mata mai laushi. Ta san Kawu likita ya hana shi zaƙi, sai ta aika masa da nama maimakon alkaki. Wannan sanin shi ne abin da kantin sayar da kaya ba zai iya zuba maka a leda ba. Haka hular da yarinya ta zauna makonni tana yi wa mahaifinta aikin allura, haka turaren wuta da humrar da matan Borno suka shahara da haɗawa da hannunsu.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka fara jin kunyar irin wannan kyauta. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 farashin komai ya tashi, kuma na lura mutane da yawa sun daina zuwa gaisuwar Sallah, ba don ba sa son 'yan'uwansu ba. Sai ka ji ana cewa, "Da me zan je? Ba ni da abin riƙewa." A tunaninsu, in ba atamfa ko shadda ko kwalin kayan kanti ba, to babu abin kaiwa. Wasu kuma bashi suke ci su sayo abin da za a ɗauki hotonsa a sa a WhatsApp, su kwana uku ana yaba su, su yi wata uku suna ɓuya daga mai bin su. Wannan shi ne babban dutse, ya danne mai bayarwa, wanda aka ba ma ya shiga tunanin yadda zai rama. Ta haka zumunci ke mutuwa a hankali, alhali kwanon waina da miyar taushe ya isa ya raya shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mata da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta, ko da kuwa ƙofaton akuya ne.

Maƙwabta ma ba sai addini ya zo ɗaya ba. A Kaduna da Jos da Wusasa akwai gidajen da har yau ake tsallaka musu da tuwon Sallah, su ma ran Kirsimeti su aiko da shinkafa da cincin.

Sai dai kada marowaci ya fake da wannan karin magana. An ce ƙaramin goro, ba a ce goro mai sankara ba. Wanda Allah ya hore wa, ya ga ɗan'uwansa ba shi da abin ɗora tukunya, to buhun hatsi ne goronsa, ba ƙullin cincin ba. Ita ma mai soyawa, ta tsabtace aikinta, ta zuba a kwano mai kyau, kada ta kwashe ƙonannen ta ce na rabo ne.

Mai karɓa shi ma yana da nasa nauyin, don an ce yaba kyauta tukwici. Yaron da aka aiko ya durƙusa ya ce, "Inna, wai in ji Mama ga wannan, tana yi muku barka da Sallah," a amsa masa da fara'a: "Kai madalla, ka ce mata an gode, Allah ya maimaita mana." A sa masa wani abu a hannu, a mayar da kwanon ba wayam ba. Wadda aka buɗe kwanonta aka taɓe baki, da wuya ta sake aikowa baɗi.

Don haka 'yar'uwa, in mudu ɗaya na fulawa kike da shi a wannan Sallah, ki kwaɓa shi, ki kasa gida uku, ki aika. Kai kuma ɗan'uwa, ɗauki abin da aka soya a gidanka ka tafi gaida Baba da Gwaggo, kada ka jira sai ka yi kuɗi.