Kogin da ba namu ba

Duk wanda ya daɗe a Oshogbo ya san yadda ruwan kogin Osun yake a da, ya kuma ga yadda ya koma yanzu, jawur kamar kunun kanwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haƙar zinare ce a ƙasar Ijesha, wajen Ilesha da Itagunmodi, inda ake wanke ƙasa a rafukan da ke zuba cikin kogin. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikin masu shiga ramukan nan yaranmu ne. Wasu sun gangaro ne bayan gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019. A masaukanmu suke kwana, a wurinmu suke sayen shinkafa da tocila da takalmin roba, wasunmu ma su ne masu sayen zinaren.

Maganar ta taso a ƙofar masallaci makon jiya, sai wani ɗan'uwa ya ce: "To mu ina ruwanmu? Kogin ba namu ba ne, kuma bauta masa suke yi." Babu wanda ya ba shi amsa a lokacin, kuma muna zaton ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Gaskiya ne akwai masu bautar Osun. Kurminsu na Oshogbo yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2005, duk watan Agusta kuma suna bikinsu. Ba mu tare da su a wannan, sun kuma sani. Sai dai bautar da wani ya yi wa abu ba ta fitar da abin daga mulkin Allah. An bauta wa rana, an bauta wa saniya, ba mu daina shanya a rana ba, ba mu kuma halatta azabtar da saniya ba. Kogin ya taso daga Ekiti, ya ratsa Oshogbo da Ede, ya cika madatsar Asejire da Ibadan ke sha daga gare ta, sannan ya ƙare a tafkin Lekki. A wannan doguwar hanya akwai masunta, da manoman rani, da mata masu wanki, da Musulmi Yarbawa masu ɗimbin yawa. Ko da babu Musulmi ko ɗaya, hadisin da ya sanya mutane abokan tarayya a ruwa da ciyawa da wuta bai ware ɗan gari da baƙo ba.

Akwai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko wayo, daga bakin wani almajiri muka ji ta. Ya ce ai a Risala ruwan da ƙasar da yake cikinta ta canza masa launi yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi, to laka ce kawai, mene ne abin tayar da hankali? Karatunsa daidai ne, amma babin da ya buɗe ba shi ne babin ba. Babin tsarki yana amsa tambayar ko sallarka ta yi. Ko ka cuci maƙwabcinka, wannan wani babi ne daban. Kuma abin da ke cikin ruwan ya wuce laka. Zaibar da ake kama zinare da ita tana zubewa a rafi, ta kwanta a ƙasan ruwa, ta shiga jikin kifi, daga kifi ta shiga jikin mai ciki da abin da ke cikinta. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta. A 2022 gwamnatin Osun da kanta ta gargaɗi masu zuwa bikin da kada su sha ruwan.

Mu kuwa bai kamata sai an yi mana bayanin irin wannan guba ba. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega, saboda dalmar da ke cikin dutsen zinaren da ake daka wa a tsakar gida. Iyayensu ba mugaye ba ne, neman abinci suke, ba su sani ba. A 2015 aka maimaita a Shikira ta jihar Neja. Cikin masu karanta wannan takarda akwai waɗanda suka je ta'aziyya. Su wancan lokaci suna da uzurin rashin sani, mu a yau ba mu da shi.

Ba mu ce laifin duka na yaranmu ne ba. Manyan injinan da ke tumɓuke gonakin koko ba na ɗan Zamfara mai shebur ba ne. Akwai masu kuɗi, akwai masu ƙasar da suka karɓi rabonsu, an ma kama 'yan China a 2020. Amma ranar da ran mutanen gari ya ɓaci, ba gidan mai injin za a nufa ba, Sabo za a nufa. Wanda ya ga Ile-Ife a watan Maris 2017 ya san yadda ƙaramar magana ke cinye shagunan shekara talatin.

Abin da ya fi mana wuya shi ne yaron da kansa. In mun ce ya bari, me za mu ba shi? A gida 'yan bindiga sun hana noma, uwarsa tana jiran abin da zai turo. Wa'azi ba ya cika tukunya. Shi ya sa muke ganin nauyin ya fi karkata kan masu hali a cikinmu. Mai sayar da zaiba a ƙarƙashin teburi ya san inda za ta ƙare. Mai sayen zinare yana iya tambayar inda aka wanke shi, yana kuma iya ƙin saye. Mai shagon da ke neman yaro yana iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu maimakon ya aika gida a turo masa wani.

Kwamitin masallaci zai zauna da masu masaukai da dillalan zinare bayan la'asar ta Lahadi. Wanda yaronsa ke daji ya zo da shi in zai yiwu, don muna so mu ji daga bakinsu nawa suke samu a mako, kuma wane ruwa suke sha a can.