Injin da Aka Cire wa Linzami

A shagunan kafintoci na Kura da Bunkure akwai tsofaffin injinan murza katako, waɗanda ake fitar da ƙafafun gado da na kujera da su. Ana ɗaure katako a tsakiya, moto ya riƙa juya shi, kafinta ya kafa ƙarfe yana sassaƙa. Wasu gudunsu da bel ake sauya shi, wasu kuma suna da ɗan abin murɗawa da allon lantarki a ciki. Wannan na biyun shi ke yawan lalacewa: garin katako ya cika shi, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi. Idan aka kira mai gyara, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya buɗe ya share, ya gwada, ya shiga Kano neman abin da ya ƙone, ko kuma ya tsallake allon ya haɗa waya kai tsaye. Ta biyun ba ta cin minti goma, inji ya tashi, kowa ya yi murna. Tambayarmu ita ce: wannan gyara ne?

Mu a ganinmu ba gyara ba ne. Katakon da aka ɗaura sabo bai daidaita ba, gefe ɗaya ya fi nauyi, shi ya sa ake farawa a hankali. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke fizgar katakon waje yakan ninku sau huɗu. Injin da ba ya rage gudu zai yi aiki lafiya da ƙaramin katako wata da watanni, ran da aka ɗora masa babban gungume sai ya tsinke ya yi jifa da shi. Kuma sau da yawa wanda ke tsaye a gaban injin ba maigida ba ne, yaron shago ne, wanda bai san an cire komai ba.

Mai shago yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Lokacin biki ya matso, an karɓi kuɗin gadon amarya, kayan gyaran ba a samunsu a kusa. Talaka ba ya ajiye abin neman abincinsa don jiran cikakken gyara. Mun yarda. Sai dai dabarar wucin gadi tana da sharaɗi: a faɗa wa duk mai taɓa injin, a hana ɗora masa babban katako, a sa ranar da za a dawo a ƙarasa. Dabarar da aka yi shiru a kanta ta koma yaudara, ko da ba a yi niyya ba.

Mutanen wannan yanki sun san darasin nan ta wata fuskar. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana biyo babbar hanyar ruwa zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Abin da ya mai da shi shinkafa da tumatir ba yawansa ba ne, ƙofofin da ke raba shi ne. Idan ƙofa ta lalace aka bar ta a wangale, na kusa ya sha har gonarsa ta jiƙe fiye da kima, na ƙarshen layi ya zauna yana kallon shukarsa tana bushewa. Shi ma bai san wanda ya yanke masa hukunci ba.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da irin wannan jarabawa kullum. Idan wani shinge na tsaro ya hana aiki tafiya, layi ɗaya ya isa a kashe shi. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a Amurka da Kanada, aƙalla sau shida, wasu suka mutu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan kariya na ƙarfe da waya. A wannan an cire su, an dogara da manhaja kaɗai.

Saboda haka amanar mai gyara ba ta tsaya ga wanda ya biya shi ba. Ta haɗa da yaron shago, da wanda zai sayi injin hannu na biyu bayan shekara biyar. Mu kuma masu kai gyara muna da namu rabon, domin mu ne ke cewa "kawai dai ya tashi", mu ne ke ganin mai gyaran da ya ce a dawo jibi a matsayin maras ƙwarewa. Idan muka ci gaba da biyan mai sauri muna guje wa mai natsuwa, to mu muke koya wa masu gyara yanke waya. Kafin mu karɓi inji daga hannun mai gyara, bayan mun ga ya tashi, ya kamata mu tambaye shi: yana kuma iya rage gudu?