Shin Daidai Ne A Biya Manomi Don Ya Bar Gonarsa Ta Huta?

A ƙarshen yammacin jihar Oklahoma ta Amurka akwai wata gunduma mai suna Simaron, ƙasar alkama da kiwon shanu, wadda mazaunanta ba su kai 2,500 ba. A shekarun 1920 manoma suka nome ciyawar da ta daɗe tana riƙe da ƙasar. Sa'ad da fari ya zo, iska ta kwashe albarkar gonaki. Ran 14 ga Afrilu, 1935, ƙura ta mai da rana dare, iyalai da yawa kuwa suka yi ƙaura.

A 1985 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin hutar da gonaki. Manomi yakan ƙulla alkawari na shekara 10 zuwa 15 da gwamnati, ya daina noman gonar da zaizaya ke ci, ya shuka mata ciyawa, a riƙa biyansa kuɗin haya kowace shekara. Manoman gundumomi irin su Simaron sun shiga shirin.

To, ga tambaya: ya halatta a biya mutum don ya bar noma, alhali duniya cike take da mayunwata? Ba mu raina wannan tambaya ba, gama Manzo Bulus ma ya tsauta wa masu zaman banza. Amma a ganinmu wannan kuɗi ba ladan ƙyuya ba ne. Littafin Firistoci, sura 25, ya umarci Isra'ilawa su hutar da ƙasa kowace shekara ta bakwai, domin ƙasa ta Allah ce, mutum kuwa mai riƙon amana ne. Manomin da ya hutar da gonarsa yana rasa amfanin bana, amma iska mai tsabta, da ruwa mai kyau, da ƙasar da jikoki za su gada, na kowa ne. Tun da ribar ta jama'a ce, adalci ne jama'a su ɗauki rabonsu na hasarar.

Duk da haka akwai abin lura guda biyu. Na farko, mai gona ne yakan fi cin moriyar kuɗin. Idan yana zaune a birni, ɗan haya zai iya rasa wurin noma, mai sayar da iri da makaniken tarakta su rasa ciniki. Don haka doka ta ƙayyade kada a hutar da fiye da kashi 25 cikin 100 na gonakin gunduma, sai da izini na musamman. Na biyu, a 2007 gonakin da ke cikin shirin sun haura eka miliyan 36. Da farashin hatsi ya tashi, aka kuma rage iyakar shirin, suka ragu zuwa wajen miliyan 22 a 2020. Ashe kirkin da kuɗi kaɗai ke riƙe da shi, kuɗi ne kuma zai kwance shi.

Mu ma kakanninmu sun san barin gona saura, yau kuwa gonaki da yawa sun zama faƙo, hamada tana matsowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bari hukuma ta tallafa wa mai kiyaye ƙasa, ba tare da manta da talaka marar gona ba. Mu kuma mu koya wa 'ya'yanmu cewa amana ba ta ƙarewa ranar da biya ya ƙare.