Ƙiba Mai Tsanani Cuta Ce, Neman Maganinta Halas Ne

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi amanar jikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a masallatanmu na Ƙonni da Malbaza da Illela muna ganin bayin Allah da nauyin jiki ya hana su sujada, sai salla daga zaune. A al'adarmu teɓa alamar wadata ce, ƙibar mace kuwa yabo ce ga maigidanta. To, mu sani ƙiba in ta wuce iyaka cuta ce, ita ke buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ita.

Likitoci ba da ido suke hukunci ba. Suna raba kilon mutum da tsawonsa a mita sau biyu. In lissafin ya kai 30 ƙiba ce, in ya kai 40 ta yi tsanani. Misali, mai tsawon mita 1,65 da kilo 110 ya kai 40.

Matakin farko na magani yana hannunmu. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana almubazzaranci a ci da sha, hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuwa ya koya mana raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. A rage sukarin shayi da fura, da lemun kwalba, da soye-soye, a yawaita tafiya da ƙafa. Amma a fara da zuwa asibitin Ƙonni ko na Illela ko na Galmi, a auna jini da suga. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura mutum Tawa ko Yamai.

Mataki na biyu magani ne da likita kaɗai ke rubutawa. Akwai allurar semaglutide, sau ɗaya a mako, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021. Tana rage sha'awar abinci, sai dai tana da tsada, tana iya sa tashin zuciya, ba a yi wa mai juna biyu, kuma nauyi kan dawo in an daina. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka samu a Birazil da Ingila da Amurka. Saboda haka kada mu saye ta a hannun mai talla.

Mataki na uku tiyata ce, inda ake rage girman tumbi, ga wanda sauran hanyoyi suka gagara. Bayanta sai an ci gaba da ganin likita da shan bitamin. Wasu na tambaya: shin wannan ba canza halittar Allah ba ne? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Maleziya a 2007, ta halatta rage ƙiba ta hanyoyin da likitoci suka tabbatar, har da tiyata, bisa sharuɗɗa uku: ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an aminta daga cutarwa.

Muna jan kunnen iyaye da mazaje kan ƙwayoyin sa ƙiba irin su dexamethasone da ake ba ƴan mata kafin aure. Suna kumbura fuska, su tayar da suga, su raunana ƙashi. Wadda ta jima tana sha kada ta bari farat ɗaya, ta je likita ya rage mata sannu a hankali.

Daga ƙarshe, Suratul Hujurat ta haramta izgili da laƙabin banza. Mai ƙiba majinyaci ne. Haƙƙinsa a kanmu mu raka shi asibiti, mu kame bakinmu daga yi masa ba'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon riƙe amanar jikinmu. Amin.