Ƙage da Ƙarya: Daga Taurari zuwa Lugu

A watan Maris na 2024 kamfanin Netflix ya fito da shirin talabijin mai kashi 8 mai suna 3 Body Problem, wanda aka ɗauko daga littafin marubucin ƙasar Sin, Liu Cixin, da aka buga a 2008. Yana cikin ƙagaggun labarai da ake ginawa bisa ilimin kimiyya. Wata masaniyar taurari ce da aka kashe mahaifinta a gabanta lokacin juyin al'adu na Sin ta yanke ƙauna daga ɗan Adam, ta aika wa halittun wata duniya mai rana uku goron gayyata. Halittun suka kamo hanya, amma sai bayan shekara 400 za su iso.

Da fitowar shirin sai muhawara ta kaure. Wasu ƴan kallo a Sin sun husata don an kwashe mafi yawan labarin an kai Ingila. Wasu kuwa suka duƙufa ga warware wani barkwanci mai kama da kacici-kacici da masaniyar ta faɗa wa wani matashi gab da mutuwarta, suna cewa a cikinsa ta ɓoye sirrin kare duniya. Kowa da nasa hasashe, kowa da tasa hujja.

Sai dai akwai wani wuri a shirin da ya fi wannan barkwanci nauyi. Wani mai yi wa halittun hidima ya karanta musu tatsuniyar Turawa ta kyarkecin da ya yi shigar kaka don ya cinye jikarta. Su halittun ba su san ɓoye zuci ba, abin da suka tuna shi suke faɗi. Da suka gane cewa kyarkecin bai taɓa wanzuwa ba, sai suka yanke hukunci cewa mutum maƙaryaci ne, ba a zama da shi. Tambayar ke nan da ta kamata a tsaya a kanta: shin mai ƙaga labari, da mai hasashen ƙarshensa, ƙarya suke yi?

Bahaushe ya daɗe da ba da amsa. Kaka ba ta fara tatsuniya sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa. Ba ta kuma rufewa sai ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Tsakanin buɗewa da rufewa akwai alkawari: kowa ya san an shiga ɗakin ƙage, kuma za a fito. Ƙarya kuwa ba ta sallama, takan zo da rigar gaskiya don ta cuci mai ji. Haka ma yaron da ya katse kaka ya ce lalle Gizo zai yaudari Kura, bai yi laifi ba, hankalinsa yake wasawa. An ce zato zunubi, amma zaton da ake nufi shi ne wanda ake yi wa mutum mai rai da mutunci. Gizo ba shi da mutuncin da zato zai ɓata.

Matsalar takan taso ne idan labarin ya shafi mutanen da suka rayu. Ƙasar Arewa tana da babban misali. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa garin Lugu, a yankin Dogondutsi, inda Sarauniya da jama'arta suka ƙi miƙa wuya. Takardun ƴan mulkin mallaka ba su faɗi abu mai yawa a kanta ba. Wannan giɓi ne Abdoulaye Mamani ya cike da basirarsa a littafinsa Sarraounia na 1980, ya ba ta ƙuruciya da jawabai. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Mamani bai yaudari kowa ba, ƙagaggen labari ya ce ya rubuta, kuma ya yi wa Nijar hidima da ya fito da sunan Lugu duniya ta ji. Amma idan ɗalibi ya ɗauki kowane jawabi na littafin tamkar daga bakin Sarauniya ya fito, to an manta da rufe tatsuniya. Sai ya kasa sanin cewa Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya da mata suka yi ta riƙewa a Lugu kafin 1899 da bayanta, kuma dattawan garin suna da nasu zance. Muryar littafi da ta sinima sun fi ta tsoho ƙarfi, suna iya danne ta har ta ɓace.

Ashe kuskure biyu ne. Na farko irin na halittun nan ne, wato ɗaukar duk wani ƙage a matsayin ƙarya, har a hana yara tatsuniya da kallo. Na biyu kishiyarsa ne, wato gaskata duk abin da aka tsara da daɗi. Duka biyun rashin tantancewa ne ya haife su.

Malamin makaranta a Dogondutsi ko Tibiri, wanda ɗalibansa ke kallon fina-finai masu dogon zango a wayar salula, yana da abin aiki a hannu. Ya sa su hasashen kashi na gaba, kowa ya kawo hujjarsa, in kashin ya fito wanda ya kuskure ya amsa kuskurensa ba tare da hushi ba. Wanda ya koyi cewa “ina zato” a inda bai tabbata ba, jita-jita ba za ta yi saurin kwashe shi ba. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma su je Lugu da Bagaji da Matankari su naɗi zancen dattawa tun suna raye, a ajiye shi kusa da littafin Mamani, kowanne da sunansa a goshi: wannan ƙage ne, wannan kuwa abin da aka ji daga kakanni ne.